Muƙamuƙin Gonar Barau

Tun da aka kafa dokar tono, duk gonar da aka tsinci ƙashin dabbar da ta ƙare a duniya, hukuma ke killace ta, mai ita ya nemi wata. Shi ya sa Barau ya kasa zaune ya kasa tsaye ranar da garmarsa ta tono wani dogon muƙamuƙi, ga damina ta kawo kai.

Ya cusa shi a buhu ya nufi ɗakin binciken ƙasusuwa, inda ƙanwarsa Hansatu ke aiki.

"Ki ce na saniya ne," ya ce mata ƙasa-ƙasa. "Wa zai sani?"

Hansatu ta jujjuya ƙashin, ta shafa haƙoransa. "Yaya, ai yanzu ba mu ke faɗa ba, na'ura ce. Ana ɗora ƙashi sai ta yi kukan mai shi."

"To, ba ni abina."

"An riga an ga shigowarka da shi."

Ta ɗora. Barau ya yi ta kai-komo yana sharce gumi. Can sai kukan jaki ya cika ɗakin, mai tsawo, har da shessheƙarsa.

Hansatu ta toshe kunnuwa, don ba ta taɓa jin irinsa ba; jakuna sun ƙare a duniya tun kafin ta yi wayo. Barau kuwa ya tsaya cak. Rabonsa da wannan kuka tun yana bin mahaifinsu kasuwa.

"Gobe za su zo su kafa wa gonar shinge," in ji Hansatu.

Bai ko dube ta ba.

"Na ji," ya ce. "Sake kunna mini."