Sai Dakta Sambo Ya Gyaɗa Kai

Tun da aka kafa dokar nan, ba nas ɗin da ta isa ta taɓa mace sai likita ya gyaɗa kai a allon bidiyo da ke bango. A asibitin ƙauyenmu Dakta Sambo ne ke gyaɗa mana. Kowa ya san ya rasu bara, har gaisuwa muka je wa matarsa, amma ba wanda ya sanar da allon.

Da hantsi na kai ƙanwata Lantana, ciki ya tsufa, ƙafafu sun kumbura, tana gani dishi-dishi. Sista Kubura ta dube ta, hannuwa a baya, ta ce, "Jininta ne ya hau, allura take buƙata yanzu."

Na ce, "To yi mata mana, Sista."

"Hajiya, hadari ya rufe rana, allon bai samu wutar sola ba. In na taɓa ta babu izini, sai su ƙwace lasisina."

Muka zauna, mata uku masu rai, muna jiran mamaci. Can rana ta leƙo, fuskarsa ta fito fes cikin farar riga. Sista ba ta ko gama sallama ba, balle ta faɗi ciwon, ya gyaɗa kai.