Bakin Ɗan Majalisarmu

"Ke, me ya ce? E ko a'a?" Sarkin pawa ne ke tambayata, mahautan Abattoir sun zagaye mu, har da Babana.

A majalisa ba a ɗaga hannu, ihun e ko a'a ake yi gaba ɗaya, kakaki ya buga guduma. Shi ya sa wata uku ke nan ina zama a benen 'yan kallo, ina karanta bakin ɗan majalisarmu. Ni ke gani, amma da yake harshena na da nauyi, 'yar baffana mai difloma ke ba da rahoto, ita ake yabo. Yau dokar tashin rumfunanmu aka kawo, kuma da amsarmu mahautan za su san ko su sake zaɓensa.

Kafin in yi magana 'yar baffan nawa ta riga ni. "A'a ya ce, ranka ya daɗe, da ƙarfi ma! Wannan bebiyar ai sai mu wuni nan."

Aka yi dariya, aka shi mata albarka.

Na san ba ta gani ba. Lokacin ihun, kanta a sunkuye yake, tana latsa sabuwar wayar da ƙungiyar mahauta ta saya mata, tana murmushi. Har lallen yatsunta na ƙirga.

Baba ya juyo. "Haka ne, uwata? Ke dai idonki ba ya kuskure."

Na buɗe baki in tona mata asiri, sai na rufe. Tun daga fara ihun har saukar guduma, ita nake kallo, ba bakinsa ba.

"Haka ne, Baba," na ce.