Mangwaron Bakin Rafi

An yi wani saurayi manomi da mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona a bakin rafi, da itatuwan mangwaro waɗanda tsohon ya dasa da hannunsa, ya yi ta ɗibar musu ruwa a tulu har suka yi inuwa. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, baffansa ya aiko cewa gefen da mangwaron yake nasa ne. Tun daga nan saurayin ya daina yarda da kowa. In maƙwabci ya zo masa gaisuwa, sai ya ga kamar gonar ya zo aunawa da ido. Mai unguwa abokin hirar baffan ne, liman kuma surukinsa. Kotu ma tsoronta yake yi, don ya ga waɗanda suka shige ta da baƙin gashi suka fito da furfura, zumunci ya mutu a hanya. Da ƙyar aka nuna masa wani lauya a garin gaba, mai sasanta mutane ba tare da an je gaban alƙali ba. Baffan ya amince nan take. Amincewar ma sai ta dami saurayin: me ya hana shi yin gardama?

Lauyan yakan ga kowa shi kaɗai kafin ranar zama. Ya ce masa, "Samari, gaya mini komai, har abin da ba ka so a ji." Saurayin ya hangi goro a faranti, irin jan nan da baffansa ke so, sai ya ɗauka baffan ya riga ya saye lauyan, ya ce bai san komai ba. Alhali ya sani. A jinyar ƙarshe, yana tallafe da kan mahaifinsa yana ba shi kunu, tsohon ya gaya masa gefen nan aro ne daga wurin baffan, itatuwan kaɗai ne nasu. A al'adar garin kuwa, wanda ya dasa itace a ƙasar aro shi da magadansa ke cin amfaninsa, muddin bai musa aron ba. Da ya faɗa, da lauyan ya san abin da zai nema masa. Ranar zama, saurayin ya rantse bai taɓa jin zancen aro ba. Baffan, wanda ya zo da niyyar karɓar ƙasa ya bar masa itatuwa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ashe yaron da na yanka wa ragon suna shi zai mai da ni maƙaryaci?" Ya kira dattawan da aka yi aron a gabansu, suka shaida. Lauyan ya yi ta ban-baki, amma zuciya ta riga ta bushe. Ƙasa ta koma ga mai ita, kafin damina kuma aka sa wa mangwaron gatari. Saurayin yana tsaye a ragowar gonarsa yana jin faɗuwarsu ɗaya bayan ɗaya, tsuntsaye na ta kewaya sama sun rasa inda za su sauka.

Shi ya sa Bahaushe ke cewa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.