Muryar Inno a Wayar Kowa

"Muhsin! Fito ka faɗa mini yadda muryata ta shiga wayar mutanen Rogo!"

Inno ta banko ƙofar ofishin ƙungiyar manoma tana huci. Tun safe ake tsokanarta a hanya.

Jikan nata na gaban kwamfuta, yana ta gumi. Jiya ya sabunta manhajar da ke kiran manoma ta sanar da su taro. Sabuwar ta daina neman fayil ɗin saƙon da za ta kunna musu a inda ya saba ajiye shi, sai ta ɗauko tsohon na gwaji. A ciki kuwa muryar Inno ce, wadda ya taɓa naɗa a ɓoye tana yi masa faɗa: "Tashi, malalaci! Rana ta fito kana kwance kamar buhun gyaɗa!"

"Inno, wurin fayil ne ya canja. Yanzu zan gyara."

"Gyaran ƙaniyarka! Yau ko shugaban ƙungiya ya kore ka, ko in kai ƙara wurin dagaci."

Nan da nan ya nuna wa manhajar inda fayil na gaske yake. Sai ga Maijidda, maƙwabciyar Inno, ta leƙo.

"Inno, me kika yi wa Malam Ilu? Maigidan naki da bai taka gona ba tun faɗuwar damina, yau na gan shi da fartanya yana sauri, waya a kunne."

Inno ta gyara mayafi.

"Muhsin, ka gama gyaran?"

"Na gama, Inno."

"To, sake ɓata shi. Gobe da safe ma a kira shi."