Ta'aziyyar Sakan Bakwai

Tun da aka kafa dokar agogo a kasuwar riɗi, Tanimu dillali bai sake gama gaisuwa ba. Kana sa ƙafa a rumfa agogon hukuma zai fara ƙirga, farashin da ke allo kuwa sakan goma kacal yake jiran mutum. Duk kalmar da ta fito daga bakinka sai an buga mata lokacinta.

Ranar Laraba ya shiga rumfar Alhaji Barau, wanda mahaifiyarsa ta rasu kwana uku da suka wuce. Buhu ɗari biyu ubangidansa ya aiko shi ya saya, farashi kuma ya faɗo daidai yadda ake so. Sai dai bakin Tanimu ya riga shi.

"Alhaji, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, ya..."

Alhaji ya daka masa tsawa, idonsa na kan allo. "Ka ce ka saya mana!"

"Na saya!"

Sakan goma sha ɗaya. Allo ya juya, farashi ya haura.

Tanimu ya cire hula ya maka a cinya. "Wannan wace irin masifa ce? Shekara ashirin ina shan furar matar nan! Yanzu me zan gaya wa maigida?"

Injin rumfar ya turo takardar ciniki, Tanimu ya fizge ta. Kowace kalma da lokacinta. A gaban addu'arsa an rubuta: surutu, sakan bakwai.

Alhaji Barau ya leƙo, ya daɗe yana kallon layin. Can ya ce, "Duk kasuwar nan kai kaɗai ka yi mini ta'aziyya. Bar mini takardar."