Allurar Gejin Malam Shu'aibu

Karo na uku ke nan bakanike Okey yana kwance a ƙarƙashin motar, tsatsa tana zubo masa a ido.

Motar ta girme shi. Baƙa ce, ƙirar Ingila, wani manajan kamfanin kuza ya bar wa direbansa ita da zai koma ƙasarsu. Direban shi ne Malam Shu'aibu na Kwararafa, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba, kuma bai bar kowa a Jos ya manta da haka ba.

Ƙorafinsa ɗaya ne: allurar gejin mai ba ta tashi. Wata huɗu ke nan motar na tsaye a ƙofar gida. A wannan shekara ta 1978 da ake wuni a layin fetur, ya ce ba zai fita da motar da ba ta faɗa masa abin da ke cikinta ba, a zo ana tura shi a titi da furfurarsa.

Okey ya karɓi aikin da murna. Mahaifinsa, marigayi Obiajulu, shi ke gyara motar tun zamanin kamfani, kuma sunansa ne har yanzu a allon garejinsu na Congo-Russia.

Ranar farko ya tsiyaye man a bokitai, ya sauke tanki, ya yi awa biyu yana lallashin sukurori shida da suka riga suka yi aure da tsatsa. Ya ciro fulota, ɗan abin nan da ke yawo a saman mai yana aika wa allura saƙo. Ta ɗan tsufa, ya sauya ta. Ya mayar da komai, ya murɗa makulli, allura ta tashi ta tsaya a rabi.

Malam ya fito yana shafa jikin motar daga bayanta har ƙofa, yadda ya saba. Ya zauna, ya sunkuya.

"Baba, ga shi a rabi," in ji Okey.

"Na gani. Kunyarka take ji. Bari ka juya baya."

Washegari saƙo ya iso gareji: allura ta sake kwanciya.

Karo na biyu ya bi waya taku-taku daga tanki har gaba, ya kankare, ya ɗaure. Allura ta tashi. Ya koma gareji, saƙo ya biyo shi. Duk bakanike ya san ba cutar da ta kai wadda ke warkewa da zarar likita ya shigo.

Malam kuwa bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya shaida wa majalisar ƙofar masallaci cewa Obiajulu ya bar wa ɗansa sifana, amma ya tafi da hannun. Kafin mako ya zagayo, direbobin tasi biyu sun kwashe motocinsu sun kai wani gareji a Abattoir. Yanzu kuma Malam ya ba Okey zuwa Juma'a, in ba haka ba za a ja motar da igiya zuwa can, kuma ta gaban garejin Okey za a bi.

Yau Alhamis. Tanki ya sake sauka, ya sake hawa, ba a same shi da laifi ba.

Hasiya, 'yar Malam, ta fito da shayi. Ta ajiye na Okey a benci, ta sa na mahaifinta a cikin tafin hannunsa. Da za ta wuce ta rage murya.

"Oga Okey, don Allah ka bar motar nan haka."

Okey ya ɗauki shayinsa ya kurɓa. Abin har ya kai mata suna ba shi shawarar ritaya.

Ya goge hannu, ya shiga gaba, ya kwance abu ɗaya da ya rage bai taɓa kwancewa ba. Ya fito da shi ya zauna a inuwa, ya ba motar baya, yana bincike da ƙaramin sukundireba. A nan ma bai ga komai ba, sai aikin mutanen da suka san aikinsu.

Ya ji an buɗe ƙofa, kujera ta yi ƙara, makulli ya juya.

"Ɗan Obiajulu! Zo da gudu, yau na kama ta!"

Okey ya taso ya leƙa ta taga. Malam ya sunkuya, hancinsa ya kusa taɓa dashbod, fuskarsa cike da nasara.

"Duba da idonka. Ga ta nan kwance a ƙasa. Ka ce kuma ƙarya nake."

Okey ya dubi ramin da ke dashbod, wayoyi biyu suna lilo a cikinsa, ya dubi Hasiya da ta tsaya a bakin zaure ta rufe baki da mayafi, sannan ya dubi gejin, wanda ke hannunsa. Ashe ba allurar ba ce ta daina aiki, idon Malam ne.