Eriyar da aka ɓoye a cikin silin

Malam Ɗanjuma, ajiye tsanin nan ka saurare ni tukuna, kafin ka sauko da eriyar nan daga kan rufi ka jawo mana abin kunya. Wai ta ɓata maka gaban shago! To bari in ba ka misali.

An yi wani mai gyara a wani ƙaramin gidan rediyo, gwani ne, ba na rage masa komai. Shi ya haɗa wa kwamfutar gidan na'urar da ke karɓo lokaci daga taurarin ɗan'adam, ya kafa eriyarta can ƙololuwar rufi inda take kallon sama ta kowace kusurwa, ya saita kwamfutar ta riƙa gyara agogonta da abin da na'urar ta faɗa. Lokacinsu ya zauna daram, har masu shaguna suka koma saita agogo da muryar mai shela. Sai aka yi wa ginin sabon fenti. Mutumin naka ya tsaya daga bakin titi, ya ga waya ta sauko a jikin farin bango kamar jelar ɓera, ransa ya ɓaci. Ya hau ya kwance eriyar, ya tura ta cikin silin, ƙarƙashin kwano, ya naɗe wayar tsaf. Na'ura ta fara ƙara tana kukan ba ta ganin sama. Maimakon ya tambayi kansa dalili, sai ya shiga saitin ya kashe ƙarar, wai tana damun ma'aikata. Kwamfuta kuwa ba ta da bakin gardama. Da ta rasa mai gaya mata gaskiya, sai ta koma kan agogon cikinta, shi kuma ɗan gaggawa ne, kullum sai ya ɗan tsere gaba kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba ya kamawa.

Watanni suka shuɗe, azumi ya kama. Ranar farko da yamma mai shela ya dubi lokaci a allon kwamfutar, ya ce jama'a a sha ruwa lafiya. Matan da ke cikin gida suka kai kunu baki, marasa lafiya a gadon asibiti suka ɓare dabino. Manoman da ke dawowa daga gona kuwa ga rana suna gani jajir a kan itatuwa, ladan ma bai taɓa lasifika ba. Rabin gari ya wayi gari da ramuwar azumi a wuya, kuma daga ranar ko gidan rediyon ya ce gari ya waye sai an leƙa waje an duba. Bango dai ya yi kyau, wannan ban musa ba.

Saboda haka mayar da tsanin nan inda ka ɗauko shi, ka bar eriya ta sha rana da ruwa, aikinta ke nan. Hausawa sun riga sun gama magana: garin gyaran gira ake rasa ido.